Rowar Magana a Wasan Elden Ring: Ƙarfinsa da Rauninsa

Watakila waɗansu malamai za su yi mamakin ganin zancen wasan kwamfuta a cikin waɗannan takardu, waɗanda aka saba cikawa da nazarin nahawu da waƙa da zube. Hujjata ita ce, duk inda aka ƙaga labari aka miƙa wa jama'a, to, aikinmu ya kai can. Ga shi kuwa akwai samari cikin waɗanda mu ke koyarwa da suka fi sanin jaruman irin waɗannan wasanni bisa ga Ganɗoki ko Iliya ɗan Maiƙarfi. Saboda haka ya kamata mu auna abin da ma'aunin da mu ke auna sauran ƙagaggun labarai.

Wasan da na zaɓa sunansa Elden Ring. Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fito da shi ran 25 ga Fabrairu, 1922 da ɗari, watau 2022, a ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, shi ya tsara tarihin duniyar wasan. Cikin shekara guda aka sayar da kwafi miliyan 20. Tushen labarin gajere ne. An farfasa wani zobe wanda tsarin duniya ya rataya a kansa, 'ya'yan Sarauniya Marika suka wawashe gutsattsarinsa, suka yi ta yaƙi har ƙasa ta lalace. Ɗan wasa korarre ne da aka kira ya komo, ya ƙwace gutsattsarin, ya hau sarauta.

Abin da na ke so in nuna shi ne, ƙarfin wannan wasa da rauninsa daga tushe ɗaya suka tsiro, watau rowar magana.

Mu fara da ƙarfin. Da mutum ya fito fili a ƙasar Limgrave, sai ya hangi wani barde cikin sulken zinariya yana kai da kawowa a kan hanya. Ba wanda zai ce masa ya guje shi. In ya tasam masa, bugu biyu ko uku ya mutu. Sa'an nan ne zai gane da kansa cewa hanya ba ɗaya ba ce, yana iya ratsewa, ya je ya yi ƙarfi, ya komo. Haka a ƙofar birnin Stormveil, inda Margit ke tsare hanya. Wannan dodo yakan ɗaga sandarsa ya daɗe bai sauke ba, har mai gaggawa ya yi tsalle kafin lokaci, ya faɗa cikin bugun. Kowace mutuwa darasi ce, kuma tana da tsada, gama dukiyar da mutum ya tara tana zubewa a inda ya faɗi, in ya sake mutuwa kafin ya ɗauko ta, ta tafi ke nan. Kowane malami ya san abin da ɗalibi ya gano da kansa ya fi zama a ka bisa ga abin da aka karanta masa.

Shirun nan har wa yau shi ya ba ƙasar kwarjini. A cikin wani kurmi akwai ɗan gini wanda ba wata alama da ke kiran mutum zuwa gare shi. In ya shiga ya taka dandamali, sai ya yi ta nutsewa da shi ƙasa, har ya ɓullo bakin kogin Siofra, inda rufin kogo ke ƙyalli kamar taurari. Da an sanar da shi tun farko, da rabin daɗin ya gushe.

To, amma abin da ya gyara yaƙi da yawo shi ya ɓata labari. Mai tatsuniya yana da mabuɗi da marufi, yana kuma riƙe da zaren magana daga farko har ƙarshe. A nan ba mai ba da labari. An yayyanka tarihin an ɓoye shi cikin bayanin takubba da layu da kwalkwali, sai mai haƙuri ya tsinto ya harhaɗa. Mutum yana iya kashe Radahn ko Malenia bai san abin da ya haɗa su faɗa ba, alhali kuwa yaƙinsu ne ya mai da ƙasar Caelid kufai. Mutanen da a ke gamuwa da su kuma sukan tashi daga wuri ba sallama, ba kuwa wani littafi da ke tuna wa ɗan wasa alkawarin da ya ɗauka. Sau da yawa sai ya nemi bayani a intanet. Labarin da ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an dafa masa daga waje, lalle yana da naƙasa.

Akwai kuma aibin yawa. Ƙasar ta fi dodanninta faɗi, don haka aka yi ta maimaita su. Godefroy, alal misali, Godrick ne aka sake wa suna. Duwatsun ƙanƙara na wajen ƙarshe ba su kai ƙasashen farko cika ba. In dodo ya cika girma kuma, sai ya toshe allo, mutum ya rasa ganin inda bugu zai fito.

Maganar harshe ita ta fi jan hankalina. Manyan wasan suna magana da tsohon Turanci, suna ce wa mutum thou. A zamanin da kalmar ke raye, ita ce ta tilo da sabo, you kuwa ta jam'i da girmamawa, kamar dai kai da ku a Hausa. Yau kunnen Bature ya juyar da abin, yana jin thou ita ce maganar sarauta, masu wasan kuwa kunnen yau suka bi. Abu na biyu ya fi wannan ban sha'awa. An yarda 'yan wasa su bar wa juna saƙo a ƙasa, amma daga ƙayyadaddun kalmomi da ƙirar jimla kaɗan, don kowa ya karanta da harshensa. Duk da wannan ƙunci, mutane sun sami hanyar gargaɗi da yaudara da barkwanci. Masu Turanci suka riƙa haɗa kalmar sansani da ta dare, don a bakinsu amon ya yi kama da sunan wasan Fortnite, mutanen Japan kuwa suka ga sansani da dare kurum. Ma'ana ta ƙetare, amo ya tsaya a gida. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin juyar da karin magana zuwa Turanci ya san wannan ciwo.

Hukuncina shi ne, a matsayin fagen gwada haƙuri da ƙasar yawon buɗe ido, da wuya a sami na biyunsa. A matsayin labari kuwa, tubali ne mai kyau da aka jibge aka bar wa baƙo gini. Malamin da ɗalibinsa ke wannan wasa, ya sa shi ya rubuto labarin da Hausa, daga fashewar zobe har hawan sarauta. A nan ne ɗalibin zai ga abin da masu wasan suka bari ba su faɗa ba, ya kuma san darajar mai riƙe zaren magana.