Runduna a Aljihu: Abin da Littattafan Zaɓi Suka Rasa da Suka Koma Waya

A 1982 wasu marubuta biyu 'yan Ingila, Steve Jackson da Ian Livingstone, suka fitar da The Warlock of Firetop Mountain, littafin da ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. An yanka labarin gida 400, kowane gida da lambarsa. In ka zaɓi buɗe ƙofa a ce tafi lamba kaza, in ka zaɓi gudu a tura ka wata. Faɗa kuwa da ƙwayar lido biyu ake yanke shi, kana rubuta sauran ƙarfinka da fensir. Daga nan jerin Fighting Fantasy ya samo asali.

A yawancinsu jarumi shi kaɗai yake tafe da takobinsa. Armies of Death na Livingstone, wanda ya fito a 1988, ya sauya wannan. Mai karatu ne sarkin yaƙi, ya ɗauki sojoji da dukiyar da ya ci a gasa, ya nufi wani ifiritu mai suna Agglax. In aka yi karo sai a jefa ƙwaya, a duba jadawali, a rage adadin mayaƙa.

Yanzu waɗannan littattafai sun shigo waya ta hanyoyi daban-daban. Kamfanin Tin Man Games na Ostireliya ya bar shafi da ƙwaya kamar yadda suke, manhaja ce kawai ke riƙe lissafi. Kamfanin inkle, da ya ɗauko Sorcery! a 2013, ya ajiye ƙwayar: kai za ka auna ƙarfin saranka, kana karanta take-taken abokin gaba. Nomad Games kuma ya haɗa Armies of Death da wasu littattafai biyu a wasa guda mai taswira da kati.

A ganinmu inkle ne ya fi fahimtar abin. Daɗin littafin zaɓi ba ya cikin ƙwaya, yana cikin sanin cewa kai ka jawo abin da ya same ka. Amma idan aka zo yaƙin runduna, dukkan salon nan suna da gurgunta ɗaya da suka gada daga takarda. Soja lamba ne. Mu da muke rubuta manhaja mun san yadda abin yake a ciki: adadi ɗaya da ake ragewa. A takarda ma da sauƙi, domin da hannunka za ka goge adadin ka rubuta wanda ya ragu, ko ba komai ka ɗan tsaya. Waya tana yi maka wannan kafin ka ƙifta ido. Mutum ashirin sun faɗi, ba ka ko ji a jikinka ba.

Mai karatu a Bugaje ko Jibiya ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Ƙasar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ta sha ganin dawakin yaƙi a ƙarni na 19, bayan sarakunan Haɓe na Katsina sun kafu a Maraɗi. A Gawakuke, a 1836, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta karya haɗin gwiwar Gobirawa da Maraɗawa da Abzinawa, daga baya kuma Ɗan Baskore ya yi ta kawo hari. A yau ma mutanen yankin sun san abin da harin 'yan bindiga ke bari: gona ba noma, gida ba mai gida. Wanda ya san haka, wasan da ke cewa ka rasa mutum goma ka wuce shafi na gaba ƙarya yake yi masa.

Abin mamaki, mu ne muke da kayan gyara wannan. Tun Ganɗoki na Bello Kagara a 1934 da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, har zuwa littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da matasa ke saurare a YouTube, Bahaushe bai taɓa rasa labarin fagen daga ba. Su ma dai suna da nasu laifin, jarumi ɗaya ya sare dubu ba a tambayi ko su wane ne ba. Kayan aikin kuma kyauta ne: da Twine, ko ink da inkle ya saki ga kowa, ana iya gina labarin zaɓi wanda rubutu ne zalla, mai buɗewa a ƙaramar waya ba tare da cin data ba.

Abin da muke nema ga wanda zai fara shi ne ya yi amfani da abin da waya ta fi takarda, wato riƙe abu a ƙwaƙwalwa. Littafi mai gida 400 ba zai iya tuna kowane mayaƙi ba, manhaja za ta iya. A ba ɗan baka suna da ƙauye. In ka tura shi gaba ya mutu, idan ka bi ta garinsu a babi na biyar ka tarar da mahaifiyarsa a bakin ƙofa. A sa guzuri da ruwan dawakai da damina cikin lissafi. A sa sulhu ya zama hanyar da za a iya cin wasa da ita, ba alamar tsoro ba. Ranar da mai wasa ya riƙe yatsansa yana jinkirin danna "a kai hari", ranar aka rubuta littafin yaƙi na gaskiya.