Wasan da Ba Shi da 'Yan Kallo

A Turai da Amurka akwai magidanta, ma'aikata da ɗalibai da kan ware ƙarshen mako su nufi daji ko wata tsohuwar fada, su sa tufafin wani zamani, kowa ya ɗauki suna da halin wani mutum da aka ƙirƙira, ya rayu a cikinsa kwana biyu ko uku. Larp suke kiran wannan wasa. Tushensa wasan tebur ne na Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, inda ake zama a kewaye tebur ana ƙaga labari da baki. Ba a jima ba wasu suka ga zaman ya ishe su, suka miƙe suka fara yi da jiki. Ƙungiyar Dagorhir ta soma a yankin Washinton a 1977, Treasure Trap kuma ta buɗe a fadar Peckforton ta Ingila a 1982. Yau taron ConQuest of Mythodea na Jamus kan tara dubban mutane riƙe da takubban soso. Mai wucewa zai ce shiririta ce ta waɗanda suka ƙoshi. Ni ina ganin wannan wasa na daga cikin hanyoyi ƙalilan da mutum zai gwada ra'ayinsa na siyasa a kan kansa, kuma abin da ya ba shi wannan ƙarfi shi ne rashin 'yan kallo.

Bahaushe ya san kwaikwayo mai taɓa mulki. A tashe yara kan kwaikwayi manya, a wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa yana kallo, ya ga aibinsa cikin raha. Amma duk waɗannan saƙo ne daga mai wasa zuwa mai kallo. A larp kowa ɗan wasa ne, ba a ba kowa rubutattun kalaman da zai haddace ba, kuma ba wanda ya san yadda labarin zai ƙare. Ana ba ka tarihin mutumin da za ka zama, da danginsa da bashin da ke kansa da abin da yake tsoro, sai a sake ka cikin sauran. Tun da ba mai tafa maka, ba ka da dalilin yin abin burgewa. Abin da ya rage shi ne zaɓi: a wannan hali, da wannan matsi, me za ka yi?

Mutanen arewacin Turai ne suka fi kai wannan tambaya nesa. Tun 1997, lokacin da aka yi taron Knutepunkt na farko a Oslo, masu tsara wasa na Norwe, Suwidin, Denmak da Finlan suke haɗuwa duk shekara suna muhawara kan abin da wasan zai iya ɗauka. A 1998 aka yi Ground Zero a Finlan, inda 'yan wasa suka kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a matsayin Amurkawan 1962, a labarin kuma rikicin makaman Kyuba ya rikiɗe ya zama yaƙin nukiliya. A 2001 Eirik Fatland da abokansa suka shirya Europa a Norwe, suka juya duniya: ƙasashen arewa masu arziki ne ke yaƙar juna, mutanensu kuma suke neman mafaka a wata ƙasar yankin Balkan, suna jiran takarda a sansani. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Kapo, da aka yi a Kwapanhagan a 2011. Sansanin tsare mutane ne inda aka bar fursunoni su mulki junansu, sababbin zuwa kuma su tarar da tsofaffi sun riga sun kafa matakai na wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Masu shirya wasan sun kafa ƙunci da ƙarancin abin buƙata, amma hannun da ya danne na ƙasa hannun ɗan wasa ne, mutumin kirki a gidansu, wanda ya ga ko dai ya taka wani ko a taka shi.

A nan ne wasan ya haɗu da siyasar yau da kullum. Yawancin hirar siyasa, a teburin mai shayi ne ko a gidan rediyo, tana tsaye ne a kan magana ɗaya: da ni ne, da ban yi haka ba. Da ni ne jami'in, da ban karɓi na goro ba. Da ni ne maƙwabcin, da ban tona asirin ɗan'uwana ba. Magana ce mai arha domin ba a taɓa gwada ta ba. Larp yana gina ɗan ƙaramin tsari, da dokokinsa da ladansa da horonsa, ya sa mutum a ciki, ya ga da kansa yadda tsoron rasa gurbi ke lanƙwasa shi. Masu wasan sun san cewa abin da aka ji a cikin wasa kan tsallako zuwa rayuwa, shi ya sa suke zama bayan an tashi, kowa ya fita daga sunan aro, a tattauna abin da ya faru. Jiki magayi ne, kuma wanda ya ga kansa ya sa hannu a takardar korar wani, ko da a wasa ne, zai daina ɗaukar zalunci a matsayin aikin wasu miyagu na daban.

Akwai suka mai nauyi, kuma dole a saurare ta. Ana cewa wannan yawon buɗe ido ne a cikin wahalar wasu: ɗan Norwe ya yi gudun hijira na 'yan kwanaki, ya koma gida ya yi wanka da ruwan ɗumi, ya ce ya fahimta. Rabin wannan zargi gaskiya ne. A waɗannan wasanni akwai kalmar da ɗan wasa zai furta a tsayar da komai nan take, ɗan gudun hijira na gaske kuwa ba shi da irin wannan kalma, kuma rashinta shi ne ainihin masifarsa. Don haka wasan ba zai taɓa koya wa kowa zafin da wanda aka zalunta ke ji ba, duk mai iƙirarin haka ya wuce gona da iri. Abin da yake iya koyarwa shi ne yadda tsarin ke aiki da kuma matsayin da kai za ka iya ɗauka a cikinsa. Sannan ana iya rage haɗarin idan masu abin ne suka riƙe alƙalami. Halat Hisar, wanda aka yi a Finlan a 2013, Falasɗinawa da 'yan Finlan ne suka tsara shi tare, suka ɗora rayuwar mamaya a kan wata Finlan ta ƙage, da shingayen bincike da kame. Waɗanda suka san shingen na gaske su ne suka faɗi yadda zai kasance.

Wasu kuma za su ce yawancin masu larp ba ruwansu da wannan duka, takobi da dariya suka zo nema. Haka ne, kuma nishaɗi ba ya buƙatar neman uzuri. Sai dai ko a wasannin mayaƙa da matsafa siyasa ba ta ɓacewa. A wasan Empire na Ingila, da ake yi tun 2013, 'yan wasa ne ke zaɓen 'yan majalisa, su yi ƙawance, su raba kuɗin daula, su sha kaye a ƙuri'a su dawo taro na gaba su zauna da wanda ya kayar da su. Makarantar kwana ta Østerskov a garin Hobro na Denmak, wadda aka buɗe a 2006, ta ɗauki hanyar da muhimmanci har tana koyar da darussanta ta wasan. Matsalar da ta fi damuna ita ce ta shiga: tikiti, tufafi, kuɗin tafiya da hutun aiki duk suna tace waɗanda za su zo, har wasan da aka shirya kan talauci ko hijira yakan cika da mutanen da ba su taɓa kusantar ko ɗaya ba. Wasu masu shiryawa sun fara sayar da tikiti mai rangwame ga marasa hali, masu hali su biya ƙari, amma wannan bai taɓa batun biza da kuɗin jirgi ba, waɗanda su ne ke hana mutanen da ake ba da labarinsu isa filin tun farko.