Gwanin da Ke Yi wa Ido Jagora

Idan fosta ta tsayar da kai a bakin titi har ka karance ta, ba launi kaɗai ya kama ka ba. Wani ne ya zauna gaban kwamfuta ya shata wa idonka hanya: nan zai fara sauka, nan zai bi, can zai tsaya. Wannan gwaninta ce nake jinjina wa masu zane a kanta, domin idan ta yi kyau ba a ma lura da ita.

Gwani yakan fara da tambayar kansa, cikin duk abin da aka ba shi, wanne ne babba. A katin ɗaurin aure sunan ango da na amarya ne, sai rana da wuri. Su yake ba manyan haruffa, sauran bayani ya biyo baya da ƙanana, don in kowane layi ya zama ƙato, ido sai ya rasa na kamawa. Ya san baƙin rubutu a kan fari yana karantuwa daga nesa, ja a kan shuɗi kuwa sai an ƙanƙance ido. Yana daidaita gefen rubutu a kan layi ɗaya, abubuwan da suka danganci juna kuma ya haɗa su wuri guda.

Inda ƙwarewar ta fi burge ni shi ne ragewa. A 1933 aka fitar da taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan wadda Harry Beck ya zana. Tsofaffin taswirori suna bin ainihin lanƙwasar hanya, sai tashoshin tsakiyar birni su cunkushe. Beck ya gane fasinja ba nisan ƙasa ya dame shi ba, tashar gaba yake son sani da inda zai canza jirgi. Sai ya miƙar da layukan, wasu a kwance, wasu a tsaye, wasu a karkace, ya buɗa tsakiyar birnin, ya kusanto da na bayan gari, ya share titunan sama bai bar komai ba sai kogin Thames. Da farko hukumar jiragen ta ƙi karɓa, amma har yau a kan tsarinsa ake tafiya. Tutar Najeriya ma haka ta samu kyanta: zanen Taiwo Akinkunmi yana da jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar zana tutar suka cire ta, aka bar kore, fari, kore.

Barin fili ba rubutu yana buƙatar ƙarfin hali, don wanda ya kawo aikin yakan ga kamar ya biya kuɗin takarda an bar masa ita fayau. Alhali filin nan ne ke sa abin da aka rubuta ya fito.

In za ka kai aiki maɗaba'a, ka faɗa wa mai zanen abu ɗaya da kake so a fara gani, kuma in ya ce a rage wani abu, ka saurare shi.