Mabaratan Jacques Callot: zane da sunan da aka laƙa masa

Matsalar fassara ce ta jawo wannan ɗan nazari. Akwai jerin zane guda 25 da Jacques Callot (1592-1635) ya yi a garin Nansi wajen 1622, waɗanda aka sani da sunan Les Gueux. Da wace kalma za mu kira su da hausa? Mabarata, miskinai, almajirai ko ƴan damfara? Kowace ɗaya hukunci ce a kan mutanen da aka zana, shi ya sa sai mun duba zanen kafin mu zaɓa.

Callot mutumen Loren ne, ƙasar da a lokacin take da sarkinta, ba ta shiga Faransa ba sai 1766. Tarihin zane ne ya saba lissafa shi cikin Faransawa na zamanin barok. Ya yi aiki a fadar Medici ta Fulorans, ya komo gida a 1621 bayan rasuwar ubangidansa Cosimo II. Sana'arsa ita ce eau-forte: a shafe allon jan ƙarfe da ƙaro, a karce zane a kai da tsinke, a zuba ruwan asid ya ci wuraren da aka karce, sannan a sa tawada a buga a takarda. Callot ya ari ƙaro mai tauri daga wajen masu ƙera kayan kiɗa, ya kuma yi aiki da tsinke mai karkataccen baki, échoppe, wanda ke sa layi ɗaya ya fara siriri, ya kumbura, ya sake tsukewa. Tsummokaran mabaratansa da wannan layin aka yi su, kuma lalle sun yi kyau, kyan da ke ɗan damun mai kallo idan ya tuna abin da yake yabawa.

Kowace takarda ba ta wuce tafin hannu da kaɗan ba, tsawonta wajen santimita 14. Ga makaho da karensa, ga mai ƙafar itace, ga makaɗin vielle, ga uwa da ƴaƴanta uku, ga tsohuwa da kyanwoyinta. In ban da takarda ta farko, bayansu babu gida, babu kasuwa, babu ƙofar coci, sai ƴar inuwa a ƙasa da farar takarda. Abin lura a nan shi ne ba a zana mai ba da sadaka ba ko sau ɗaya. Alhali bara magana ce tsakanin mutum biyu, mai roƙo da wanda ake roƙo, kuma ba ta cika sai an amsa, ko da da “Allah ya ba da haƙuri” ne. Callot ya cire mutum na biyu. Wanda ya rage a gurbinsa shi ne mai sayen takardar, wanda ya biya mai zane, bai ba mabaraci kome ba.

Takarda ta farko kaɗai ke da rubutu. Wani dogo cikin tsumma yana tafe da tuta a kafaɗa, an rubuta mata Capitano de Baroni. Kalmar barone ta italiyanci baki biyu gare ta: mai sarauta, da kuma ɗan iska mai yawo yana cutar mutane. Ke nan tun daga ƙofa an faɗa wa mai kallo cewa runduna ce zai gani, mai shugaba da tuta, kuma sana'arta yaudara. Ra'ayin ya yaɗu a Turai ta lokacin. Wajen 1629 Ollivier Chereau, mutumen garin Tur, ya fitar da Le Jargon ou langage de l'argot réformé, inda ya ba mabarata sarki, da muƙamai, da harshen asiri. Kalmar argot ma, da farko ƙungiyar mabaratan take nufi. Daga baya ne ta koma sunan harshensu. A nan mai karatu Bahaushe ya yi hattara. Mu mun san sarkin makafi da sarkin kutare, sarautu na gaske waɗanda fada ke naɗawa, don haka “sarkin mabarata” ba zai ba mu dariya ba. Ga Callot da masu sayensa kuwa ba'a ce da zargi.

To, sauran 24 ɗin sun gaskata tutar? A ganinmu, a'a. Akwai dai wani ƙaton mabaraci mai teɓa da ya sunkuyar da ido, wanda ana iya cewa ya fi ƙarfin yunwa. Amma babu inda aka nuna gurgu ya ajiye sanda ya miƙe, ko makaho yana satar kallo. Jacques Bellange, wanda ya riga shi a Nansi ya rasu a 1616, ya zana mabarata biyu suna kokawa, muguntar a fili take. Na Callot tsaye suke ko zaune, sun gaji, ba su aikata kome. Wanda ya rufe takarda ta farko da hannu ya duba sauran, miskinai zai gani. Wataƙila abin da ya ja Rembrandt ke nan, da ya zana nasa mabaratan wajen 1630 bisa gurbin na Callot, ba tare da tuta ba.

Abin da Les Gueux suka rasa shi ne dalili: ba a faɗi me ya kai waɗannan mutane hanya ba. Sai a 1633, shekarar da Louis XIII ya kama Nansi, Callot ya ba da amsa ɗaya cikin zane 18 na Les Grandes Misères de la guerre, inda tsofaffin sojoji guragu ke jan jiki zuwa ƙofar asibiti, wasu na bara suna mutuwa a bakin hanya. Hukuma kuwa karatun tutar ta bi. Dokar 1656 da ta kafa Hôpital général na Pari ta hana bara cikin birni, ta sa a kulle mabarata, ta kuma hana mutane miƙa musu sadaka a titi. Ba mu ce zanen ne ya haifi dokar ba. Amma mai bayarwar da ya ɓace daga takarda, shekara talatin da ƴan kai bayan nan doka ta cire shi daga titi.

Don haka, a fassararmu mun kira jerin “Mabarata”, domin kalmar aiki kawai take faɗa, ba ta wanke su, ba ta tuhume su. “Almajirai” ba ta dace ba, tun da babu malami, babu allo. Baroni kuma mun bar ta da italiyanci a kan tutarta, da bayani a ƙasa.