Tsokaci a Kan Koyar da Adon Harshe a Ƙaramar Sakandare

Da aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a shekarar 1982, Hausa ta sami gurbi iri biyu a ƙaramar sakandare, wato harshen uwa ga 'ya'yan Hausawa da kuma harshe na biyu ga waɗanda ba Hausawa ba. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake gabatar da adon harshe ga waɗannan yara, waɗanda shekarunsu ba su wuce 12 zuwa 15 ba.

Keɓaɓɓun kalmomin da ake koyarwa, irin su kamance da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa, sun samo tushe ne daga nazarin waƙa a jami'a. Ayyuka irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau (1993) da Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya (2001) da Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo (2007) sun yi wa fannin babbar hidima. Sai dai an rubuta su ne domin manazarcin da ya riga ya ƙoshi da waƙoƙi, yana neman sunayen da zai raɗa wa abin da ya gani. Malamin da ya yi karatu a kansu yakan kwaso jerin sunayen kacokan ya zuba a allo: ma'ana, rabe-rabe, sannan misali guda. Ta haka ake raɗa suna tun ba a ga jaririn ba.

Illar wannan hanya ta fi fitowa fili a darasin kamance. Akan ce wa yaro alamarsa ita ce “kamar” ko “tamkar” ko “sai ka ce”, kuma ya rabu zuwa na daidaito da na fifiko da na kasawa. Yaron da ya haddace wannan zai ja layi a ƙarƙashin “ya zo da kamar ƙarfe biyu”, alhali “kamar” a nan kintace take nunawa. Haka kuma zai ɗauki “Audu ya fi Bala tsawo” a matsayin kamancen fifiko, ga shi kuwa awo ne kawai tsakanin abubuwa biyu masu jinsi ɗaya. Ado yana samuwa ne idan an tsallaka daga wani jinsi zuwa wani, kamar a ce “Audu ya fi rimi tsawo”. Wannan tsallaken shi ne ruhin darasin, kuma shi ne abin da hadda ba ta koyarwa.

Abin lura shi ne, yaron Bahaushe ya daɗe da ƙwarewa a tsallaken tun kafin ya shigo aji. Duk wanda aka ce masa “shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya” ya amsa da “tsintsiya”, ai ya warware siffantawa, domin ya gano abin da ya haɗa tsinkaye da garke. “Baba na ɗaka, gemu na waje” kuwa, wato wuta da hayaƙi, mutuntarwa ce cikakkiya. Hatta tsokanar da yara ke yi wa juna a dandali, irin “kai kamar tulu”, kamance ne mai rai (ko da yake malami na iya jin nauyin kawo ta aji). Abin da ya kamata shi ne a fara da irin waɗannan, a tambayi yara me aka faɗa, me ake nufi, me ya haɗa su. Idan sun saba da tambayoyin nan uku, sai a sa su ƙirƙiro nasu kacici-kacicin a kan wayar salula ko injin niƙa. Suna ya biyo baya.

Ga ɗalibin da ke koyon Hausa a Ibadan ko Enugu kuwa, matsalar daban ce. Shi ba waƙa ke ba shi wuya ba tukuna, maganar yau da kullum ce. Ya san “ci” da “sha” a wajen tuwo da ruwa, sai ya ci karo da cin amana da cin kasuwa da shan kaye da shan iska. Ya san launuka, amma ba zai gane dalilin da ya sa farin jini ya zama abin so, baƙin ciki ya zama damuwa, jan hali kuma jarumta ba. Bahaushe ba ya jin waɗannan a matsayin ado saboda sabo ya shafe musu ƙyalli, shi ya sa malamin da Hausa ce harshen uwarsa yakan tsallake su ba tare da ya lura ba. Su ya dace su zama darasin farko ga irin wannan ɗalibi, a kuma bar shi ya gwama su da na harshensa. Bayarabe, alal misali, yana cewa “inú mi dùn”, wato cikina ya yi daɗi, a inda Bahaushe zai ce yana farin ciki.

Sauran aiki yana ga masu tsara jarrabawa. Muddin tambayar ita ce “Kawo ire-iren kamance guda uku”, malami ba zai bar hadda ba, don kuwa da sakamakon ɗalibansa ake auna shi. Da za a ba yaro jumla kamar “gari ya yi shiru, rana ta sunkuyar da kai”, a nemi ya faɗi abin da ya gani a zuciyarsa da dalilinsa, da amsarsa ta bambance wanda ya fahimta da wanda ya haddace.