Masu Zanen Kwamfuta, Mu Koma Ga Littafi

Daga Funtua zuwa Bakori har Malumfashi, da wuya ka shiga shagon buga katin biki ka rasa matashin da ke kiran kansa mai zanen kwamfuta. Wasu sun wuce fosta da kalanda, sun fara taɓa katun da manhajar Blender, wadda kyauta ake sauke ta tun 2002. Abin farin ciki ne. Damuwata ita ce yawancinsu bidiyon YouTube ne kaɗai malaminsu, kuma da ka ambaci littafi sai a ce maka ai zamani ya wuce nan. Ni kam ban yarda ba.

Bidiyo yana nuna maka inda za ka danna, amma ba kasafai yake gaya maka dalili ba. Shahararren darasin nan na Andrew Price, inda ake ƙera donat a Blender, ya shigar da ɗimbin mutane cikin sana'ar. To amma ka ce wa wanda ya gama shi ya zana maka zangarniyar masara a kan jar ƙasa da hantsi, ko dattijo cikin shadda ana tsakiyar hazo, sai ido ya raina fata. Hasken da ya kwaikwaya na ɗakin ɗaukar hoto ne a wata ƙasa. Hazon hunturu yana warwatsa haske ya dusashe inuwa, shadda tana sheƙi ta gefe guda, baƙar fata kuma tana mayar da haske ta hanyar da saitin aro ba ya fitarwa. Shi ya sa sau da yawa fuskokin katun ɗinmu suke fitowa toka-toka.

Amsar wannan tana cikin littattafai. Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haitham ya bayyana a Kitab al-Manazir cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A 1980 Turner Whitted ya nuna yadda kwamfuta za ta bi sawun haske tana lissafa inda ya daka da inda ya karkata, a 1986 kuma James Kajiya ya dunƙule lamarin cikin lissafi guda. Littafin Physically Based Rendering na Matt Pharr da abokan aikinsa ya warware wannan daki-daki, har marubutan suka samu lambar yabo ta fasaha daga masu ba da Oscar a 2014, kuma yau kyauta ake karanta shi a intanet. A ɓangaren motsi, ƙa'idoji 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston suka tsara a 1981 har yanzu su ake bi. Maɓallan Blender kuwa sun sauya kamanni sosai a 2019, darussan bidiyo da yawa suka tsufa nan take.

Akwai kuma maganar wuta, wadda duk ɗan yankin nan ya san zafinta. Fim yana cin hoto 24 a daƙiƙa, wato 1,440 a minti ɗaya. Idan kwamfutarka tana ɗaukar minti 5 kafin ta fitar da hoto guda, katun na minti ɗaya zai ci awa 120. Wa ke da man janareta na wannan? Wanda ya karanci yadda injin yake lissafa haske ya san abin da zai rage ba tare da hoton ya lalace ba. Wanda bai karanta ba sai dai ya ɗora wa kwamfuta laifi. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, da Blender aka yi shi, ya kuma ci Oscar a 2025. Manhajar da ke kwamfutarka ce dai, ba wata ba.

Na san hujjar masu gudun littafi: Turanci ne mai nauyi, ga lissafi. Gaskiya ne, kuma ban ce a daina kallon bidiyo ba, domin wajen sabawa da manhaja ya fi sauri. Amma mu da muka gaji karatun zaure bai kamata littafi mai wuya ya tsorata mu ba. Yadda malami ke biya wa almajirai layi-layi yana fassarawa da Hausa, haka matasa biyar ko shida za su iya zama duk mako da malamin lissafin sakandare ko ɗalibin ABU Zariya da ya zo hutu, a ɗauki babi guda, a fassara, a gwada a kwamfuta. Ƙaramin littafin Peter Shirley, Ray Tracing in One Weekend, ya isa mafari, shi ma kyauta ne.

Aikin yi kuwa yana nan jibge. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Najeriya a 2016, manomi yana bukatar ya ga yadda take ɓuya a kwarkwaron shuka da lokacin da feshi yake amfani. Katun na minti biyu da Hausar Katsina, a tura ta WhatsApp, zai isa inda malamin gona bai isa ba. Masu sayar da iri da taki da ƙungiyoyin manoma za su iya biyan kuɗin irin wannan aiki, amma sai ganyen ya yi kama da na masara, tsutsar ta yi tafiyar tsutsa, in ba haka ba manomi zai yi dariya ya wuce.