Wai Mami Gawa Ce?

'Yan'uwana mata, kwanakin baya a gidan suna na ga wata baiwar Allah ta daka wa yarinya tsawa don ta kira uwarta Mami. Wai kalmar gawa take nufi, duk ɗan da ya faɗe ta fatan mutuwa yake wa uwarsa. Uwar har da ƙwalla. Na ja bakina na yi shiru kada a ce marubuciya ta zo da iyayi, amma abin ya tsaya min a rai.

Kalmomi biyu ne fa suka yi kama a bakin Bature. Ta kiran uwa daga "mama" ta fito, gwarancin jarirai. Ɗayar kuwa aro ce daga Larabci, mumiya, su ma Larabawan daga "mum" na Farisanci, wato kakin zuma. Mumiya wani baƙin abu ne kamar kwalta da ake magani da shi. Da aka ga gawawwakin Masar sun yi baƙi sai aka zaci da shi aka shafe su, sunan ya bi su. Mu ma ai muna rubuta gari na tuwo da gari na sarki iri ɗaya. Wa ya taɓa ƙin shiga gari don kada a tuƙa shi?

Kuma ba kowace gawa ake kira haka ba, sai wadda aka gyara don kada ta ruɓe, ko wadda ta bushe da kanta ba ta ruɓe ba. Mutanen Masar na dā sukan cire kayan ciki su bar zuciya, su zaro ƙwaƙwalwa ta hanci, su busar da jikin da kanwa (e, dangin wadda muke jefawa a wake), sannan su naɗe shi da ƙyalle. Aikin kwana 70 ne. Gawar Fir'auna Ramsis na Biyu da aka gano a 1881 har da gashinta. An kai ta Faransa a 1976 don tana lalacewa, a 2021 kuma aka mayar da ita sabon gidan tarihi a Alƙahira.

Shi ya sa ban yarda da masu fassara ta da "burbushi" ba. Burbushi sai burodi, ko guntun ƙashin da ya zama dutse. Mutum sukutum da fatarsa ba burbushi ba ne. A ce busasshiyar gawa, ko a ari mumiya.

Ni dai 'ya'yana Umma suke ce min, don ya fi min daɗi a kunne. Maƙwabciyata kuwa Mami ce, shekara ashirin ke nan, tana nan garau tana suyar awara.